Laktoferin a Ingila da abin da ke hannunmu a Kano

Yaya, ga amsar tambayarki kan laktoferin ɗin da ake tallata wa masu juna biyu, wai yana kare uwa da jariri daga cututtukan bairos.

Furotin ne da ke cikin nono. A nan Ingila ana tace shi daga madarar shanu a zuba a kafso, galibi miligiram 100 zuwa 250, a jera shi kusa da bitamin a shago. A matsayin ƙarin abinci ake sayar da shi, ba magani ba, kuma ungozomar NHS, hukumar lafiya ta gwamnati a nan, ba ta rubuta shi a awon ciki. A ɗakin bincike an ga yana hana wasu bairos mannewa da ƙwayoyin jiki, sai dai da aka gwada a jikin jarirai lissafin bai fita ba. Gwajin ELFIN da aka wallafa a 2019 ya haɗa bakwaini 2,203 da aka haifa kafin mako 32, aka riƙa ba rabinsu miligiram 150 kan kowane kilo na nauyinsu kullum. Kashi 29 cikin ɗari na waɗanda aka ba sun kamu da cuta, a ɗaya rukunin kashi 31. Bambancin bai taka kara ya karya ba.

Inda Ingila ta fi mu shi ne allura. Tun Satumban 2024 mai ciki na samun rigakafin RSV, mai kama huhun jarirai, daga mako 28, kyauta, ga ta mura da ta tarin shiƙa. Garkuwar da jikin uwa ya haɗa ita ke ratsa mabiyiya zuwa ga ɗan.

Laktoferin kuwa ai mai jego a Fagge ta fi shagunan nan. Dakashi, wannan nonon farko mai kauri da ruwan ɗorawa, na ɗauke da kusan giram 7 a lita, madarar shanu da ƙyar take kai giram 0.2. Shi ne wasu kakanni ke cewa a matse a zubar, a ba jariri ruwa ko zuma. A sa jariri a nono cikin awa guda da haihuwa, kuma ban da zuma sai ya shekara.

Allurar ciwon hanta nau'in B ta jariri cikin awa 24 da haihuwa ake so. Matsalar haihuwar gida ke nan: a ce sai bayan suna za a fita da jariri, lokacin da ta fi amfani ya wuce. Ɗigon rota na gudawa, wanda Najeriya ta fara a 2022, a mako 6, 10 da 14 ne.

Wadda ta nace sai ta sayi laktoferin, ta duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ta nuna wa likitan awo, kada ta ajiye shi inda zafin Afrilu zai dafa shi. Mai kyan jinin madarar shanu ta bar shi, kar kuma a fasa kafso a bakin jariri. Ƙwayar ƙarin jini da folik asid da ake bayarwa a awo, a ci gaba da sha.