Betelgeuse ko T Coronae Borealis: wane tauraro za a zuba wa ido?

Masu sha'awar kallon sama suna yawan tambayata wanne za su riƙa bibiya cikin taurarin nan biyu da ake jiran fashewarsu.

Wajen sauƙi, Betelgeuse ya yi gaba. Jan tauraro ne a rukunin taurarin da ake kira Orion, ido ma na ganinsa a daren hunturu, yana biye da Kaza da 'Ya'yanta, in dai hazo bai rufe sama ba. Ba a kashe ko sisi. T Coronae Borealis kuwa dusu-dusu yake, sai da tabaron hangen nesa, kuma lokacin da ya fi kyan gani da daddare ya faɗo cikin damina, ga gizagizai.

Batun jira ne ya raba su. Betelgeuse zai tarwatse gaba ɗaya, sau ɗaya tak, har a gan shi da rana, amma masana na cewa hakan na iya kai shekara 100,000. Dushewar da ya yi a ƙarshen 2019 ta tayar da hankali, ashe ƙura ce ta tare haskensa. Shi kuwa T Coronae Borealis taurari biyu ne, ƙaramin na zuƙar iskar babban har saman ƙaramin ya kama da wuta. Ya yi haka a 1866 da 1946, an sa ran 2024, bai yi ba a shekarar. Haskensa kwanaki kaɗan ne.

Haɗari babu, dukansu sun yi mana nisa ƙwarai.

Mai koya wa yara sanin sama ya kama Betelgeuse. Mai tabarau da haƙuri, wanda ke son ganin fashewa a rayuwarsa, ya tsare T Coronae Borealis.