Na kai katunan wasana gidan bugu nan Maradi, ga yadda munka ƙare

Salamu alaikum jama'a. Kusan wata biyu ke nan ina kan wani aiki da ba wanda ya sa ni, ni na ɗora ma kaina shi don in ƙara gogewa wajen zane, wato sake tsara katunan wasan nan Magic: The Gathering da hannuna, cikin halshen Hausa kuma da kamannun namu. Ga wanda bai san shi ba, wasan kati ne da wani masanin lissahi ɗan Amurka mai suna Richard Garfield ya ƙirƙiro, kamfanin Wizards of the Coast ya hiddo shi a 1993, kowane kati da sunanshi da hotonshi, mahi yawa da tsadarsu, wato abin da za ka biya cikin wasan kahin ka sa su, wasu kuma da lambar ƙarhinsu, kuma an kasa su launi biyar: hwari, shuɗi, baƙi, ja da kore. Wani abokina da ya yi karatu waje ya kawo mini ƴan kaɗan, tun ranar da na riƙa su a hannu abin da ya ɗauke mini hankali shi ne yadda anka cusa bayani mai yawa haka cikin ɗan hilin da bai wuce milimita 63 a kwance da 88 a tsaye ba, kuma ido bai gajiya.

To sai na ce bari in gwada. Dokar wasan ban taɓa ta ba, huska kawai na canza. Inda su ke da babban dodonsu mai hura wuta na sa Dodo irin na tatsuniyar da kakata ke yi muna, wani katin na yi macijin rijiyar Kusugu ta Daura, hwari na ba dogarin sarki da rawaninshi, shuɗi na ɗauko daga baban rini da ruwan tabkin Madarunfa, kore kuma gawo da kuka na bakin Gulbi. Ja shi ne ya hi cin mini lokaci don so na ke ya hito sak jan hwatar akuyar Maradi wadda dukawa ke aiki da ita, na ɗauki hoton wata tsohuwar jikkar babana kusan sau goma kahin in samu launin. Gehen katin na zagaye shi da dagi. Kati 18 na gama. Ba na saidawa ba ne, haƙƙin wasan na masu shi ne, ni koyo ni ke.

Amma zane a ordinatar daban, abu a hannu daban, shi ya sa na hita neman inda za a buga mini. Wuri biyu na hwara zuwa, duk sun ɗauke shi kamar katin gayyatar biki, ɗaya ma ya ce in bar kile in dawo da marece, bai ko buɗe ya gani ba. Na ukku shi ne wanda ni ke son yin magana a kai, wani gidan bugu ne ba nesa da babbar kasuwa ba, sunan dai zan bar shi tunda akwai inda zan yaba akwai kuma inda zan yi ƙorahi.

Mai wurin dattijo ne, shina zaune bakin ƙohwa da casbi. Da na nuna mishi a salula sai ya gyara gilashi ya ce, "Yaro, wanga ba karta ba ce? Mu nan ba mu buga kayan caca." Na durƙusa na ce, "A'a Alhaji, ba kuɗɗi a ciki, kamar dara ne, dabara ce da lissahi, kuma ni zanen ni ke koyo." Ya daɗe shina kallon katin dogari, ya ce wanga rawanin ai naɗinshi bai yi ba, dogari ba haka ya ke naɗi ba. Kuma wallahi gaskiyarshi, da na koma gida na duba hotunan hawan salla sai da na gyara. Sannan ya kira yaron da ke kan inji ya ce a duba mini.

Wanga yaron shi ne dukiyar wurin, in ba don shi ba da ban rubuta komi ba. Abu na hwarko da ya tambaye ni, "Babban yaya, ka bar fon perdi?" Wato rarar zane milimita 3 ta kowane gehe, wadda wuƙa za ta cinye lokacin yanka don kada hwarin layi ya hito a baki. Na san da ita a karatu amma ban sa ba, don ni lissahina kati tara cikin takardar A4, ukku sau ukku, 189 da 264, ya shiga daidai. Ya ɗauki biro ya nuna mini a bayan wata takarda: in an ƙara rarar kowane kati ya koma 69 da 94, ukku sau ukku ya zama 207 da 282, A4 kuma hwaɗinta 210 ne, injin ba ya bugawa har bakin takarda, ke nan za a yanke mini gehe. Ya ce mu hau babbar takarda mai santimita 32 da 45, a kwantar da katunan ukku a jere layi shidda, duka 18 su shiga hili guda. Haka kuwa anka yi. Wanda bai damu da aikinka ba ba zai tsaya yi maka wanga lissahin ba, bugawa zai yi ya amshi kuɗɗinshi.

Sai matsalar da na tabbata duk mai rubuta Hausa ya taɓa cin karo da ita. Da ya buɗe aikin cikin manhajar zane ta CorelDRAW, irin rubutun da na yi amfani da shi babu shi a injinsu, sai na'urar ta musanya da wani, duk inda ƙ da ɗ da ɓ da ƴ su ke sai ga ɗan akwati hwanko. "Ƙarhi" ya koma akwati da "arhi". Shi ya hango kahin ni, ya ce yaya dubi nan. Da yawa cikin irin rubutun ado da mu ke saukewa daga intanet ba su da baƙaƙenmu masu ƙugiya, su Noto da Charis da Andika su ke da su cikakku. Shawarar da ya ba ni, kuma ita zan ba kowa: ka maida rubutun ya zama zane tun daga gida, ka hiddo shi PDF, hoto kuma kada ya gaza 300 dpi, wato ma'aunin kaihin hoto, sannan ka kawo. Na hau kabu-kabu na koma gida na gyara, ban ji haushin tahiyar ba ko kaɗan.

Yanzu inda ban ji daɗi ba. Launi. Na san allon ordinatar da haske ya ke haɗa launi, inji kuma da tawada huɗu, wadda su ke ce ma CMJN, dole a samu bambanci, amma abin da ya hito a gwajin hwarko ya wuce yadda na zata. Shuɗin baba ya karkata ya yi wajen ruwan makuba, jan hwatar nan da na sha wahala a kai ya dushe ya koma kamar ƙasa-ƙasa. Munka ƙara haske munka rage baƙi, gwaji na biyu ya yi kyau ƙwarai, har na ce a buga. Ana cikin bugu anka ɗauke kuran, kahin a tada gurup injin ya huce, da anka sake bugawa takarda ta biyu ta hito ta ɗan hi ta hwarko duhu. Ba sosai ba, amma in ka jera kati biyu iri guda za ka gani. Na nuna ma Alhaji, ya ce haƙuri, inji ne. Na yarda ɗaukewar wuta ba laihinsu ba ce, amma da sun sake ɗan gwaji bayan tada gurup kahin su zuba takarda mai tsada da an kauce ma wannan.

Na biyu, kuma wanga ya hi damuna, gaba da baya ba su hau kan juna daidai ba. Bayan katin ya goce kusan milimita biyu zuwa gehe guda, kuma gocewar ba iri guda ba ce tsakanin takardun biyu. Ga katin gayyata wa zai lura? Amma a wasa bayan kowane kati dole ya zama iri guda sak, in ba haka ba mai ido zai gane mi ke hannunka tun daga baya, wasa ya lalace. Yaron ya hwaɗa mini gaskiya, ya ce injinsu da hannu a ke juya takarda, ba zai iya yi mini alkawalin ya hau cif ba, ya ce nan gaba in cire siririn layin da na zagaya a bakin baya, in bar launi guda ya malale har waje, gocewar ba za ta nuna ba. Shawara ce mai kyau, da dai tun kahin bugu ya ba ni ita.

Takarda kushe ce, irin mai sulɓin nan, mai giram 350, an shimhiɗa mata leda marar ƙyalli. A hannu tana da nauyi, ba ta jin zuhwa, kuma tana zamewa da kyau in ana cakuɗawa. Sai dai katin asali akwai wani siririn shahi mai duhu a tsakiyarshi wanda ke tare haske, namu babu, in ka ɗaga shi ga rana za ka hango inuwar hoton ta baya. Wannan ban ɗora musu ba, irin takardar ce babu ita nan. Bayan kwana ukku kuma wasu sun ɗan lanƙwashe don bushewar iska, na danne su ƙarƙashin littattahai sunka miƙe.

Yanka kam ba magana. Masiko ɗinsu, wato injin yankan takarda, na da kaihi, ya yanke su tas, na tara duka 36, tunda kowane kati biyu na buga, na daddale su a tebur ba wanda ya leƙo. Abin da babu shi ne abin zagaye kusurwa, sun ba ni su da kusurwa mai tsini, wadda ita ke hwara tauyewa in ana wasa. Da abin yankan hwarce na zauna na bi su ɗaya bayan ɗaya, kusurwa 144. Na roƙi Alhaji in zai aika Kano sayen kaya a haɗo da shi, ƙaramin abu ne, kuma ko masu katin sana'a za su so shi.

Kuɗɗi duka jikka takwas na biya: gwaji biyu dala ɗari ɗari, takarda biyu gaba da baya jikka biyar, leda jikka biyu, yanka kyauta. A ganina bai yi tsada ba in ka duba lokacin da yaron ya ɓata a kaina. Alkawali ne dai ba su cika ba, an ce Alhamis bayan la'asar, sai Asabar na amsa, kuma ba wanda ya kira ni, sai da na taka sau biyu.

Daren Asabar ɗin na kai su fada, ana dahuwar shayi munka baje su kan tabarma. Nan na ga abin da allo bai taɓa nuna mini ba. Hausa ta hi Turanci cin wuri, abin da su ke hwaɗi da kalma guda mu sai biyu ko ukku, don haka na matse rubutun wasu katunan, ga shi ƙarƙashin hitilar salula ba mai iya karanta katin maciji sai ya kai shi bakin hanci. Wannan laihina ne, dole in rage magana in ƙara girman baƙi. Abu guda da na yi wanda ya yi aiki shi ne maida alamar tsada gehen hagu, don in ka baza kati a hannu gehen hagu ke hitowa, su kansu waɗanda sunka hiddo wasan sun taɓa gwada haka a wasu katuna na 2007. Wani ƙanen abokina da bai taɓa ganin wasan ba ya ɗauki katin Dodo ya karanta da ƙarhi, ya ce wanga ai shi ke cinye dogari ko? Ban yi mishi bayanin komi ba, daga lamba da hoto ya gane.

In aikinka na son yanka mai tsabta da mutumin da zai duba fayil ɗinka da idon basira, je wurinsu, ka nemi yaron kan inji kai tsaye, ka tahi da PDF, ka biya gwaji kada ka ji ƙyashin dala ɗari, kuma ka ƙara kwana biyu bisa ranar da sunka ce maka. In kuwa dole gaba da baya su hau daidai, ka yi magana tun kahin a sa takarda. Ni dai ina gyara bayan katin da rubutun macijin, Litinin in Allah ya kai mu zan koma da sabbin guda 18, har da dogarin da Alhaji ya gyara ma rawani.