Karatu a zaune ko tashi a taka wasan?

Malama sannu da ƙoƙari. Kin tambaya wanne ya fi, ki zaunar da yara ku karanta wasan kwaikwayon layi-layi ko ki tashe su su taka shi. Duka biyun na gwada a wata lise, wato makarantar sakandare, nan Garwa a Kamaru.

Karatu a zaune ba ya cin kuɗi, littafi ɗaya in an yi fotokofi ya wadatar, kuma shi ke kai yaro ga probatuwar, jarabawar ajin kusa da na ƙarshe a lise, don ranar jarabawa takarda za a miƙa masa ya yi sharhi da Faransanci, ba mai ce masa tashi ka yi wasa. Amma fa a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, aji cike maƙil, mutum uku ne ke karatu saura gyangyaɗi kawai. Ga ƴan bayanan nan na marubuci, wane ya shigo, wance ta juya baya, tsallake su suke kamar ba a rubuta ba alhali rabin maganar tana can.

Takawa kuwa wani abu ne daban. Na taɓa ba su wasan Guillaume Oyono Mbia na masu neman aure uku, wanda aka buga a Yawunde a 1964, inda Juliette ta dawo daga makaranta ta tarar dangi sun karɓi sefa 100,000 na manomi, ga ma'aikacin gwamnati ya zo da 200,000. Mun karanta sati biyu shiru kamar an yi mutuwa. Ranar da na ce su taka shi da Hausa da Fulatanci, wata yarinya da ban taɓa jin muryarta ba ta tsaya gaban "kakanta" ta ce ita ba akuya ba ce da za a yi cinikinta, ajin ya kaure, gardamar sadaki har bayan an tashi. Illarsa cin lokaci, sannan wasu iyayen ba sa son ƴarsu ta hau dandali da maza, wannan sai da lallashi.

Ni dai da ni ce ke, fitowa ɗaya, wato yanki ɗaya na wasan, zan zaɓa su taka da harshen gida tukuna, sannan mu koma Faransancin da biro a hannu. Cikakken wasan ki ajiye shi sai bikin matasa na 11 ga Fabrairu, ki fara atisaye tun Disamba.