Tiren ɓarɓashi na injin fere ƙarfe: ƙarfe mai tutiya ko alminiyom?

Ɗan'uwa, ka ce ƙaramin injinka na fere ƙarfe yana kan teburin katako, ɓarɓashi da mai suna ɓata teburin, kuma kana so ka ƙera masa tire da kanka. Tambayarka ita ce wanne ya fi, fallen ƙarfe mai ruwan tutiya ko alminiyom, ganin cewa almakashin yankan kwano da mahuji da matsi kawai kake da su, babu injin lanƙwasa, babu na walda.

Bari mu fara da nauyi da ƙwari, domin a nan mutane suka fi ruɗewa. Alminiyom kusan kashi ɗaya cikin uku ne na nauyin ƙarfe, giram 2.7 ne a gaban 7.85 a kowace santimita kubik. Amma ƙwarinsa ma kashi ɗaya cikin uku ne, don haka idan kaurinsu ɗaya, tiren alminiyom zai riƙa lotsawa a tsakiya da zarar ɓarɓashi ya taru. Maganin shi ne ƙarin kauri. Alminiyom mai milimita 1.5 yana tsayawa daidai da ƙarfe mai milimita 1, har ya ɗan fi shi, alhali nauyinsa kusan rabi ne. Idan tiren da za ka riƙa jawowa kana zubarwa kake so, wannan sauƙin yana da amfani. Idan kuwa ɗaure shi za ka yi a ƙarƙashin injin, nauyi bai dame ka da komai ba.

Wajen lanƙwasa, dukansu suna yiwuwa da hannu. Ka matse fallen tsakanin dogayen ƙarafa biyu masu kusurwa, ka bi layin da gudumar katako kaɗan-kaɗan daga wannan gefe zuwa wancan, kada ka ce sai ka gama wuri ɗaya kafin ka matsa. Ƙarfe mai milimita 1 yana da haƙuri, ba ya tsagewa. Shi kuwa alminiyom sai ka san irin da aka ba ka: mai lamba 5052 yana lanƙwasuwa lafiya, amma 6061-T6 yakan tsage a kan layin idan lanƙwasar ta yi tsini.

Inda magana take, a ganina, ita ce kusurwoyi huɗun nan. Tiren da yake yoyon mai ta kusurwa bai yi aikinsa ba, kome kyansa. A nan ƙarfe mai tutiya ya yi wa alminiyom nisa, domin yana karɓar liƙin dalma sosai. Ka bar ɗan kunne a kowace kusurwa, ka naɗe shi a jikin ɗaya bangon, ka kama shi da ƙusoshin rifit biyu, sannan ka bi gaɓar da dalma. Mai ba zai bi ta nan ba. Ka tuna ka wanke ruwan liƙin, wato wanda ake shafawa don dalma ta kama, bayan ka gama, don yana jawo tsatsa. Alminiyom ba ya karɓar dalmar da aka saba da ita, waldarsa kuma tana buƙatar inji na musamman da gwaninta. Abin da ya rage maka shi ne rifit da gam mai jure mai, kuma gam yana sakewa a hankali, sai an riƙa sabunta shi.

Ina roƙonka kada wani ya ba ka shawarar kai ƙarfe mai tutiya wajen walda haka kawai. Tutiya tana tafasa a digiri 907 na ma'aunin Salshiyas, ƙasa da zafin da ƙarfe ke narkewa, kuma farin hayaƙin da take fitarwa yana sa zazzaɓi da ciwon jiki. Zafin dalma bai kai ko kusa da nan ba, duk da haka ka yi liƙin a inda iska ke kaɗawa.

Akwai wuri ɗaya da alminiyom ya burge ni: maganaɗisu ba ya kama shi, sai ka share ɓarɓashin ƙarfe da maganaɗisu cikin sauƙi, ba ya manne wa gindin tiren. Tsatsa kuma, dukansu suna jurewa muddin mai kake amfani da shi. Ruwan sanyaya ƙarfe da ake gaurayawa da ruwa kuwa yakan dusar da su biyun idan ya kwana a ciki.

Da kayan aikin da ka lissafa, ƙarfe mai tutiya na milimita 1 zan zaɓa maka. Ka fara yanka samfurin da kwali, ka gwada shi a ƙarƙashin injin, ka tabbata hannun juyawa ba ya bugun bangon gaba. Ka huda ƙaramin rami a inda layukan lanƙwasa suka haɗu, don kada kusurwar ta cukurkuɗe. Bakin tiren kuma ka ninke shi gaba ɗaya kafin ka tayar da bango. Yana ƙara ƙwari, yana kuma hana yankan hannu. Idan za ka ɗaure injin ta cikin tiren, ka sa gam a ramukan kusoshin, kuma ka sake duba daidaiton gadon injin bayan ɗauri, domin tiren da bai kwanta sosai ba yana iya murɗa shi.