Ƙaramar bindiga ta dala 300 a Amurka: me masu ita ke cewa, wacce kuma ta cancanci kuɗinka?

Bayan sallar Juma'a, a harabar masallacin da muke zuwa a Houston, wani ƙanena na zaman tare ya ja ni gefe. Aikin dare yake yi a shagon gidan mai, ga shi kuma ɓarayi sun shiga gidan maƙwabcinsa a watan jiya. Ya ce, "Yaya, dala 300 ce a hannuna. Ana samun bindigar kirki a wannan kuɗin, ko asara zan yi?" Na ce masa ana samu, amma maganar ta fi ƙarfin tsayuwar bakin mota. Ga cikakkiyar amsar, domin na san ba shi kaɗai ke da wannan tambaya ba a cikin 'yan uwanmu mazauna nan.

Doka tukuna. Sai wanda ya cika shekara 21 yake sayen ƙaramar bindiga a wurin dila mai lasisi. Zai cike fom mai lamba 4473, a binciki tarihinsa. Ɗan ƙasa da mai katin zama na dindindin suna da dama. Ɗalibi mai bizar karatu da baƙo mai bizar ziyara, asali an hana su, in ban da 'yan keɓance-keɓance da bai kamata kowa ya dogara da su ba sai ya ga lauya. Sayen bindiga da sunanka domin wani ya karɓa babban laifi ne, kuma laifin bindiga yana iya jawo wa mai katin zama kora daga ƙasar. Jihohi ma sun bambanta: Texas ta yarda a ɗauki bindiga ba tare da lasisi ba tun Satumbar 2021, New York kuwa sai da lasisi ko da a gida za ka ajiye ta, California kuma ba a sayar da gidan harsashi mai cin fiye da harsashi 10. Mai tunanin kai tsaraba gida ya cire wannan daga ransa, don dokar makamai ta Najeriya ta sa fistol cikin makaman da aka haramta wa mutum riƙewa sai da izinin shugaban ƙasa.

To, a kasuwa fa? Sunan da za ka fara cin karo da shi a wannan farashin shi ne Taurus, kamfanin Birazil mai masana'anta a Bainbridge ta jihar Georgia. G3C ɗinsu tana cin harsashi 12 mai milimita 9, ana samunta tsakanin dala 250 zuwa 300, tana kuma zuwa da gidan harsashi uku, abin da masu tsada ma ba kowacce ke yi ba. In harsashi ya ƙi tashi, kana iya sake jan kunamar ba sai ka sake ɗana ta ba. Yawancin masu ita yabonta suke yi, za ka ji mutum na cewa ya harba ɗaruruwa ba ta taɓa cijewa ba. Masu ƙorafi sun fi kuka da abu biyu: kunama mai doguwar tafiya kafin ta tashi, da jinkirin gyara in an mayar wa kamfanin.

Akwai kuma tsohon tabo da har yau yake bin sunan. A 2015 Taurus ya amince da sulhu a wata shari'ar taron dangi, wato ƙarar da aka shigar a madadin masu saye da yawa, wadda ta shafi bindigogi kusan miliyan ɗaya na tsofaffin samfura, irin su PT-111 Millennium da 24/7, bisa zargin suna iya tashi in sun faɗi ƙasa. Kamfanin bai amsa laifi ba, kuma G2C da G3C ba sa cikin waɗanda shari'ar ta shafa. Amma a 2023 ya sake fitar da sanarwar a dawo da wasu daga cikin GX4 saboda irin wannan fargabar. Ni a ganina sabuwar G3C ta ci kuɗinta. Tsohuwar Taurus ta hannu kuwa, wadda ba ka san shekararta ba, ka bar ta inda ka gan ta komai arahar.

Ruger wani gida ne daban. Tun 1949 yake aiki, kuma abin mamaki ba ya bayar da rubutaccen garanti, amma da wuya ka ji mai Ruger yana kukan an ƙi gyara masa. Wannan shaidar ce ke sayar musu da kaya. EC9s tana cikin bindigoginsu masu araha, siririya, mai harsashi 7, nauyinta bai kai rabin kilo ba. An rage kuɗinta ne ta hanyar sassaƙa saitin, wato alamomin da ake auna hari da su, a jikin ƙarfen, ba ka iya canja shi, gidan harsashi ɗaya kuma za ka tarar a kwali. Masu ita suna cewa ba ta ba da kunya wajen tashi, sai dai tana dukan hannu. Security-9 ƙarama, mai harsashi 10, ta fi ta cika tafin hannu da sauƙin ja, kuma ita nake nuna wa sabon shiga in ya nace sai Ruger.

A nan ya kamata in tsaya kan wani kuskure da na ga mutane da yawa suna yi. Sabon mai saye yana zaɓar mafi ƙanƙanta, yana ganin ita za ta fi sauƙin sarrafawa, musamman in uwargida ake saya wa. Akasin haka ne. Harsashin ɗaya ne, ƙarfinsa ɗaya, to in bindigar ba ta da nauyi hannunka ne zai shanye bugun. Mariƙin gajere ne, ƙaramin yatsa yana reto a iska. Kuma irin waɗannan bindigogi suna bukatar riƙo mai ƙarfi kafin su tofar da kwanson da aka harba su ɗauko sabo. In wuyan hannu ya yi sako-sako sai ta sarƙe, mai ita ya tafi yana zagin kamfani alhali riƙon ne. Kaso mai yawa na ƙorafin da ake yi kan ƙananan bindigogi daga nan yake fitowa. Wanda a gida kawai zai ajiye ta, ba shi da dalilin sayen 'yar mitsitsiya.

Canik na Turkiyya, da ake ƙerawa a Samsun, kunamarsu ce abin alfaharinsu. Duk wanda ya harba TP9 Elite SC zai gaya maka laushinta ya fi na bindigogin da suka ninka ta kuɗi, kuma kwalin yana zuwa har da kube. Sai dai tana da kauri da nauyi a ƙugu, farashinta kuma yakan haura dala 350. Ƙanwarta Mete MC9, wadda ta fito a 2023, masu sayen farko da dama sun koka cewa marfin sama ba ya komawa ya rufe sosai bayan harbi. In ita ce ta kwanta maka, nemi ƙirar baya-bayan nan.

Dagger ta Palmetto State Armory kwaikwayon fitacciyar bindigar nan Glock 19 ce, samfurinta na uku, a kusan rabin kuɗin. Amfaninta a fili yake: gidan harsashin Glock mai 15 yana shiga, kayan gyara kuma ko'ina akwai. Masu ita sun kasu biyu. Masu son kwance-kwance da ɗaure-ɗaure suna ƙaunarta. Wasu kuma sun ba da labarin karyewar allurar da ke dukan harsashi a samfuran farko. Ga mai bindiga ɗaya tilo wanda ba ya son taɓa komai a cikinta, ba ita zan fara nuna masa ba.

Hi-Point C9 ta Ohio ita ce ta ƙasan tukunya, ƙasa da dala 200. Mummuna ce, nauyinta ya haura giram 800, harsashi 8 kawai take ci, ba ta kuma ɓoyuwa a ƙarƙashin riga. Amma masu ita suna kare ta da gaske, saboda tana tashi, kuma kamfanin yana gyara ta kyauta ko kai ne na uku da ya mallake ta. Ga wanda iyakar ƙarfinsa ke nan, ban ga abin raini a ciki ba.

Labarin SCCY ya isa darasi kan garanti. Shekaru suna sayar da CPX-2 da alkawarin gyara har abada, mutane da yawa sun saya saboda wannan alkawarin duk da kunamarta mai tauri. A 2025 kamfanin ya rufe, aka yi gwanjon kayan masana'antarsa ta Daytona Beach. Har yanzu za ka gan su a shagunan jingina da farashi mai jan ido, amma in ta lalace babu ƙofar da za ka ƙwanƙwasa.

Me ya sa mutum biyu masu bindiga iri ɗaya, ɗaya na rantsuwa da ita, ɗaya na tsine mata? Domin inda ake rage kuɗi a bindiga mai araha shi ne wajen tantance kowacce kafin ta bar masana'anta. Ƙirar tana iya zama mai kyau, amma taka da ta maƙwabcinka ba lallai su zo ɗaya ba. Saboda haka yabon mutum dubu ba ya gaya maka halin wadda ke hannunka. Gani ya kori ji. Ka wanke ta, ka sa mata mai, ka kai ta filin harbi ka zuba mata harsashi 300 na atisaye ta kowane gidan harsashi da ta zo da shi, sannan kwali ɗaya ko biyu na ainihin wanda za ka riƙa ajiyewa a cikinta. In ta cije sau ɗaya a hamsin ɗin farko, ba abin tashin hankali ba ne. In tana maimaitawa bayan ɗari biyu, mayar da ita tun garanti na da rai. Ka kuma lura da mai ba ka labari: wanda ya harba kwali ɗaya ya jefa ta a durowa shekara uku zai ce maka ba ta taɓa ba shi matsala ba, kuma gaskiya ya faɗa, sai dai shaidarsa ba ta da nauyi.

Wannan gwajin kuɗi ne. Harsashin atisaye 300 zai ci wajen dala 80 zuwa 100. Ga kube mai tauri da ke rufe kunama, ga kuɗin aji, ga ladan dila in ta intanet ka yi oda, don dole a hannun dila za ta sauka. Bindigar dala 300 tana zama ta 550 kafin ka ankara. Shi ya sa nake cewa wanda zai iya haƙurin wata biyu ya ƙara dala 100 ya duba Shield Plus ta Smith & Wesson, mai cin 10 ko 13, ko Glock ta hannu irin wadda 'yan sanda suka mayar, wadda wani lokaci ake samu ƙasa da dala 400. Waɗannan biyun ƙorafi a kansu ya fi ƙaranci, kuma in ka tashi sayarwa ba sa faɗuwa warwas kamar masu araha.

Shi ƙanen nawa na tambaye shi abu biyu kafin mu rabu. Na farko, ko mai shagon ya yarda ma'aikaci ya riƙe bindiga a bakin aiki, domin da yawa sun hana, haka ma Uber da Lyft sun hana direbobinsu. Na biyu, ina zai ajiye ta, tunda yana da yara uku, babban bai wuce shekara bakwai ba. Saman kabad ba ma'aji ba ne, yaro ya san hanyar kujera. Fiye da rabin mutanen da bindiga ke kashewa a Amurka su ne suka harbi kansu, don haka gidan da ke da mai fama da ƙuncin rai sai an yi dogon nazari kafin a shigo da ita.

Mun tsayar da shawara zai fara sayen akwatin ƙarfe mai buɗewa da lambobi a wannan satin, ya kuma yi rajistar ajin lasisi na Texas ko da doka ba ta tilasta ba, saboda a nan ake koyar da inda aka halatta harbi da inda zai kai mutum kurkuku. Ranar Asabar kuma za mu je filin harbi mu yi hayar G3C da Security-9 da Shield Plus, ya harba hamsin-hamsin da kowacce, mu duba takardar saiti mu ga wadda hannunsa ya fi amincewa da ita.