Andrei Kirilenko: Rigar Utah ko Rigar Rasha?

Shekara 10 Kirilenko ya yi yana buga ƙwallon kwando a Utah Jazz ta Amurka, daga 2001 zuwa 2011. Gwani ne wajen doke ƙwallo tun tana sama, kafin ta faɗa kwando. A 2004 ya shiga wasan taurarin NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka. Kuɗi da suna duk ya samu, amma kofi bai zo hannunsa ba.

Ni dai na fi ƙaunarsa cikin rigar ƙasarsa. A 2007, a Madrid, Rasha ta doke Sifaniya har gida da ci 60 da 59, ta ɗauke kofin Turai, shi ne kuma gwarzon gasar. A gasar Olamfik ta Landan, 2012, suka samo lambar tagulla.