Neman sunan ƙanen kakana a shafin hukumar kaburburan yaƙi

Ƙanen kakana ya shiga soja a barikin Zariya, aka kai shi ƙasar Bama (Myanmar a yau) a Yaƙin Duniya na Biyu cikin runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, bai dawo ba. Na nemi sunansa a shafin intanet na Commonwealth War Graves Commission, wato hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Commonwealth, kuma binciken kyauta ne. Sai da na gwada rubutun sunan iri-iri, domin Turawa kan rubuta sunayenmu yadda kunnensu ya ji, su maƙala sunan garin mutum a madadin na mahaifinsa. Da na same shi, shafin ya nuna lambar sojansa, ranar rasuwarsa, da wurin da aka sassaƙa sunansa kusa da Rangun, babban birnin Bama a lokacin. Waɗanda suka rasu a zamanin yaƙi kawai shafin ya ƙunsa, ban da waɗanda suka tsira suka ci gaba da rayuwa.